Zomaye da Karnukan Pasteur: Yadda Aka Samo Allurar Cizon Mahaukacin Kare

Ciwon haukan kare yana da wata ɗabi'a da ba kowace cuta ke da ita ba: ba ya gaggawa. Bayan cizo, ƙwayar cutar takan bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku. Da zarar alamu sun bayyana, sai dai a yi haƙuri. Wannan tazarar ce Louis Pasteur da abokin aikinsa Émile Roux suka ƙwallafa wa rai a ɗakin gwaje-gwajensu da ke Paris tun daga 1880: ko za a iya shirya jiki ya riga cutar isa?

Ba su suka fara ba. Tun 1879 wani likitan dabbobi a Lyon, Pierre-Victor Galtier, ya nuna cewa ana iya sa wa zomo cutar. Zomo kuwa ya fi kare arha da sauƙin riƙewa. Matsalar ita ce jira, domin dabbar da aka sa wa miyan mahaukacin kare tana iya kamuwa bayan watanni, tana kuma iya ƙi. Roux ne ya warware wannan. Sai a sa kare barci, a huda ƙoƙon kansa, a ɗiga ƙwaƙwalwar dabba mai cutar kai tsaye. Cikin mako biyu ko uku ciwo ya tashi. Da wannan hanya suka koma kan zomaye, suka riƙa ɗaukar cutar daga wannan zomo zuwa wancan, har lokacin bayyanarta ya tsaya cak a kwana bakwai. Duk wannan aiki suna yin sa ne ba tare da sun taɓa ganin ƙwayar da idonsu ba, don ta fi ƙarfin madubin binciken zamaninsu.

Daga nan sai dabarar shanya. A zare lakar bayan zomon da ya mutu, a rataye ta da zare cikin kwalba, a zuba sinadarin fotash a ƙasa don ya shanye laima. Kullum ƙarfin cutar na raguwa, bayan mako biyu kusan ba ta da dafi. Sai a fara yi wa kare allura da tsohuwar laka, gobe a ba shi wadda ta fi ta sabunta, har a kai ga ɗanya. Pasteur ya ce karnuka hamsin sun samu kariya ta haka.

Ranar 6 ga Yuli, 1885, wata mata daga yankin Alsace ta iso da ɗanta mai shekara tara, Joseph Meister, wanda kare ya ciza wuri 14 kwana biyu da suka wuce. Pasteur masanin sinadarai ne, ba likita ba, don haka Dokta Joseph Grancher ne ya riƙe sirinji. Allura 13 aka yi wa yaron a fatar ciki cikin kwana goma sha ɗaya, ta ƙarshe da lakar kwana ɗaya, wadda ita kanta za ta iya kisa. Yaro ya rayu. A watan Oktoba aka yi wa wani makiyayi ɗan shekara 15, Jean-Baptiste Jupille, shi ma ya tsira. Labari ya bazu, jama'a suka yi ta tururuwa, har da Rashawa 19 daga yankin Smolensk da kerkeci ya ciza, uku daga cikinsu suka rasu. Louise Pelletier, yarinyar da aka kawo kwana 37 bayan cizo, ita ma ba ta kai labari ba. Kuɗin da jama'a suka tara ne ya gina Cibiyar Pasteur, aka buɗe ta a Nuwamba 1888.

Sai dai ba a nan zancen ya tsaya ba. Pasteur ya hana iyalinsa nuna wa kowa littattafan da yake rubuta gwaje-gwajensa, sai jikansa ne ya miƙa su ga babban ɗakin karatu na Faransa a 1964. Masanin tarihi Gerald Geison ya bi su shafi-shafi, ya fitar da littafi a 1995. Abin da ya gano ba mai daɗin ji ba ne: hanyar da aka bi da Meister 'yan makonni kawai ta yi ana gwada ta a kan karnuka, kuma karnukan an yi musu allura ne kafin a sa musu cutar, ba bayan cizo ba. Wato ainihin tambayar, ko allura na ceton wanda aka riga aka ciza, dabbobi ba su gama amsa ta ba lokacin da aka soka wa yaron. A ganina kasada ce Pasteur ya yi, ta kuma yi masa kyau. A yau babu hukumar da za ta amince da irinta. Littattafan sun kuma nuna cewa ya riga ya gwada allura a kan mutum biyu kafin Meister, bai faɗa wa duniya ba. Ɗaya daga cikinsu yarinya ce mai shekara 11 da ciwon ya riga ya bayyana a jikinta, kuma ta rasu jim kaɗan bayan allurar.