Bikin Notting Hill: Kwana biyun da mota ba ta shiga wata unguwa a Landan

A ƙarshen watan Agustan kowace shekara, ranakun Lahadi da Litinin, ana rufe titunan unguwar Notting Hill da ke yammacin Landan domin bikin al'adun 'yan yankin Karibiyan, wanda aka fara fitowa da shi kan titi a 1966.

Sama da mutum miliyan ɗaya ne ke halarta. Saboda cunkoson, ana karkatar da motocin bas, a rufe tashar jirgin ƙasa ta Ladbroke Grove, wasu 'yan kasuwa kuma su toshe ƙofofin shagunansu da katako.

Ba a hana shan barasa a wurin bikin ba. Amma tun ranar 1 ga Yunin 2008, zamanin Boris Johnson yana magajin gari, haramun ne a sha ta ko a riƙe buɗaɗɗiyar kwalbarta a bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma waɗannan ne hanyar komawa gida ga mafi yawan mahalarta. Da ƙarfe bakwai na yamma ake kashe manyan lasifikokin kiɗa.

Duk da 'yan sanda kusan 7,000 da aka baza a 2024, mutum biyu sun rasu bayan an far musu.

A Tailan, inda ake bikin watsa ruwa na Songkran daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, damuwar ta fi karkata ga tuƙi cikin maye: ɗaruruwa ne ke mutuwa a kan hanya cikin mako guda, akasarinsu masu babura.