Asalin Tashar Matafiya a Kano

Tun kafin mota ta shigo ƙasar Hausa Kano tana da tasharta, ita ce zangon Fagge da ke bayan ganuwa. An ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, baƙin fatake suke sauka a wannan fili. Buzaye kan gangaro daga Azbin da raƙuma ɗauke da kantun gishirin Bilma, su sauke a nan, su koma da hatsi da baƙin rini.

Ayari ba ya tafiya kara zube. Madugu ne uban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, jagaba kuma yana gaba don ya san hanya da rijiyoyi. In an iso, sai fatoma ya karɓi baƙi, ya ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya nemo mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Mutanen karkara kuwa, na wajen Dawakin Tofa da Minjibir da Ungogo, su ma suna da rabo a wannan hada-hada. Da rani sukan koro jakuna da itace da harawa da dawa, su koma gida da taki cike da mangala. Abin da ya sa ke nan gonakinsu suke nomuwa kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba.

Jirgin ƙasa ne ya karya zango. Dogo ya iso Kano a 1911, shekara na zagayowa cinikin gyaɗa ya buɗe, raƙuma da jakuna suka koma kai buhuna bakin tashar jirgi. Daga baya manyan motoci suka ƙwace wannan ma. Kwarori suka kafa kantuna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake a yau, fili ya cika da gidaje.

Sai tasha ta rabu bisa hanyoyi: Unguwa Uku, Na'ibawa, 'Yankaba, Ƙofar Ruwa. Aikin fatoma kuwa ya faɗa hannun ɗan kamasho, sai dai shi ba ya ba ka wurin kwana. Yana cika mota ya karɓi kamashonsa, ya juya ga ta bayanta.