Daga Dakon Jige Zuwa Lambar Daɗewa: Ma'aikatan Koriya a Rundunar Sojan Amurka

A sansanonin sojan Amurka da ke Koriya ta Kudu akwai wata al'ada da ta daɗe. Lokaci-lokaci akan tara ma'aikata farar hula 'yan ƙasar, wato direbobi da kafintoci da makanikai da akawuna da masu kashe gobara, sai babban hafsa ya riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kowa takardar yabo da 'yar lamba ta maƙalawa a ƙirji. Wannan ya cika shekara 10 yana aiki, wancan 20, wani 30, har akan sami dattijon da ya haura 40. Mutanen nan ba sojoji ba ne, ba kuma Amurkawa ba ne. A ƙasarsu suke, amma ƙarfinsu ya ƙare ne a hidimar rundunar wata ƙasa. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a cikin masu karatu ya san irin wannan rana, sai dai tarihin da ke bayan ta Koriya ya fi gaban takarda da tafi.

Asalin lamarin yana komawa ga ranar 25 ga watan Yuni na 1950, lokacin da sojojin Koriya ta Arewa suka tsallaka iyaka suka nausa kudu. Cikin kwana uku birnin Seoul ya faɗa hannunsu. Amurka ta shiga yaƙin a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zo da manyan motoci da tankoki, amma ta tarar da abin da injin ba ya iya wa. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar Koriya duwatsu ne, hanyoyin mota kuwa a wancan zamani kaɗan ne, su ma yaƙi ya lalata su. Mota takan kawo harsashi da abinci gindin dutse ta tsaya, alhali sojan da ke bukatarsu yana can ƙololuwa. Sai Janar Walton Walker, kwamandan Runduna ta Takwas ta Amurka, ya nemi a ba shi 'yan dako, Shugaba Syngman Rhee kuma ya ba da umarnin gaggawa a watan Yuli na 1950 a tara masa farar hula. A shekarar 1951, zamanin Janar James Van Fleet, aka tsara su sosai aka ba su sunan Korean Service Corps, wanda ake taƙaitawa da KSC.

Makamin waɗannan bayin Allah shi ne jige. Wani abin dako ne na itace da manoman Koriya suka gada kaka da kakanni: sanduna biyu da aka haɗa da 'yan itatuwa a tsakani, da igiyoyi biyu na ratayawa a kafaɗa, sai a ɗora kaya a goya a baya. Da yake ya yi kama da harafin A, sojojin Amurka sun riƙa kiran su rundunar harafin A, 'yan ƙasa kuwa suka ce rundunar jige. Da shi suke hawa da akwatunan harsashi da ruwan sha da abinci da waya mai ƙaya, sau da yawa cikin dare, cikin sanyin da ruwa kan daskare. In za su sauko ba sa saukowa hannu rabbana, sukan ɗauko wanda aka raunata ko gawa. Su ne kuma masu haƙa ramukan fakewa da gyaran hanya. Ba a ba su bindiga ba, amma ai harsashi bai san farar hula ba. A lokacin da abin ya yi tsanani yawansu ya haura 100,000, kuma alƙaluman da rundunar Amurka ta ajiye sun nuna an kashe fiye da 2,000 daga cikinsu, fiye da 2,000 sun ɓace, fiye da 4,000 sun ji rauni.

Mai karatu ɗan Arewa ba zai rasa jin wani abu a ransa ba a nan, domin a Yaƙin Duniya na Ɗaya Turawan Ingila sun kwashi dubban 'yan dako daga Nijeriya zuwa yaƙin Kamaru da na Gabashin Afirka. Namu a ka suka ɗauka, na Koriya a baya, amma wahalar ɗaya ce, kuma mantuwar da ta biyo baya ma kusan ɗaya ce.

An tsagaita wuta a Panmunjom ranar 27 ga Yuli, 1953. Aka sallami mafi yawan 'yan jige, kowa ya koma gonarsa in ya tarar da ita. A nan ne gizo ke saƙar. Lambar daɗewa a aiki lissafi ce, lissafi kuwa sai da takarda: ranar da aka ɗauke ka, lambar fayil ɗinka, sa hannun wanda ya ɗauke ka. Da yawa daga cikin mutanen 1950 daga ƙauye ko daga ayarin 'yan gudun hijira aka tattaro su, ba lambar soja, ba cikakken rajista. Saboda haka da zamani ya zo na neman a san da su a matsayin waɗanda suka yi wa ƙasa hidima a yaƙi, da yawansu ba su da abin da za su nuna sai tabon jikinsu da shaidar baki. Wanda ya yi shekara 30 a ofis cikin zaman lafiya ya sami takardarsa a kan kari, wanda ya yi 'yan watanni yana hawan dutse cikin ruwan wuta ya tsufa ba wanda ya kira sunansa. Ba laifin ma'aikacin ofis ba ne, haƙƙinsa aka ba shi, amma abin da ciwo.

KSC dai ba ta mutu ba. An rage ta ƙwarai, aka mayar da ita rundunar ma'aikata ta dindindin, kuma a 1967 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniya ta musamman game da matsayinta. A yau tana da ma'aikata kimanin 2,000 a ƙarƙashin hafsan Amurka. Jige ya zama kayan tarihi. Jikokin masu shi manyan motocin ɗaukar tankoki suke tuƙawa, da motocin asibiti, suna kuma kula da filayen koyon harbi. Ban da su akwai wasu dubban 'yan Koriya a ofisoshi da ɗakunan ajiya da wuraren gyara. Sojan Amurka kan zo ya yi shekara ɗaya ko biyu ko uku a sauya shi. Ma'aikacin ƙasa shi ne ɗan gida, shi ya san inda bututun ruwa ya bi, shi ya san wace gada ce za ta ɗauki nauyi. Kwamandan da ke miƙa wa dattijo lambar shekara 40 wataƙila yana makarantar firamare ranar da dattijon ya fara aiki. Ko da hedikwatar rundunar ta tashi daga Yongsan a cikin Seoul ta koma Sansanin Humphreys da ke Pyeongtaek a 2018, da yawa daga cikin ma'aikatan nan sai da suka bi ta, wasu da iyalansu.

To, amma mene ne nauyin lambar in an ɗora ta a ma'auni? Shekarar 2020 ta ba da amsa. Tun 1991 Koriya ta Kudu ke biyan wani kaso na kuɗin zaman sojojin Amurka, waɗanda yawansu ya kai kimanin 28,500, kuma daga cikin wannan kuɗi ne ake biyan mafi yawan albashin ma'aikata 'yan ƙasa. Yarjejeniyar da ake kai ta ƙare a ƙarshen 2019, gwamnatin Shugaba Donald Trump kuwa ta nemi a ninka kuɗin kusan sau biyar. Ciniki ya ƙi faɗawa. Ranar 1 ga Afrilu, 2020, aka tura kimanin ma'aikata 4,000 hutun dole ba albashi, kusan rabin waɗanda abin ya shafa, a daidai lokacin da annobar korona ta tsayar da harkoki. A cikinsu akwai masu takardun yabo rataye a bangon ɗaki. Faɗan giwaye ne, ciyawa ta sha wuya. Sai da majalisar dokokin Koriya ta yi doka ta musamman don tallafa musu, sannan gwamnatin ƙasar ta amince ta biya kimanin dala miliyan 200 na albashinsu, kana suka koma aiki a tsakiyar watan Yuni. A ganina wannan bai zubar da darajar bikin karramawa ba, domin mutum na son a ce masa sannu da aiki a gaban 'ya'yansa. Amma ya nuna cewa wanda ke tsakanin iyayen gida biyu, kowannensu na iya cewa ɗayan ne zai ciyar da shi.

Su kuwa tsofaffin 'yan jige, sai a watan Yuli na 2023 aka kafa musu dutsen tunawa a Dabudong da ke gundumar Chilgok, inda aka gwabza ɗaya daga cikin faɗace-faɗace mafi muni a watan Agusta na 1950. 'Yar Janar Paik Sun-yup, wanda ya jagoranci sojojin Koriya ta Kudu a wannan fage, ita ce ta ɗauki nauyin gina shi daga aljihunta. Shekara 70 ke nan bayan tsagaita wuta, lokacin da mafi yawan waɗanda aka kafa dutsen dominsu sun riga sun kwanta dama.