Kiredi nawa ya rage? Yadda ɗalibin jami'a ke bin lissafin karatunsa

A jami'o'in yau ba yawan shekarun da ɗalibi ya yi ne ke ba shi digiri ba, kiredi ake ƙirgawa. Kiredi shi ne ma'aunin aikin da ke cikin kowane darasi, wato zaman aji haɗe da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai. In ya ci jarabawar darasin, a zuba masa kiredin a lissafinsa. In ya faɗi, gurbin na nan buɗe ko da ya wuce aji na gaba.

A Amurka, inda ɗalibi ke zaɓar darussa da yawa da kansa, wannan lissafi na da saurin rikicewa. Digirin farko a can shekara huɗu ne, kiredi wajen 120, kuma akasarin darussa kiredi 3 ne kowane. Shi ya sa jami'o'i da dama ke amfani da manhajar bin diddigin karatu ta intanet. Ɗaya daga cikin sanannu ita ce Degree Works ta kamfanin Ellucian. Ɗalibi ya shiga da lambarsa, sai manhajar ta ɗauko darussan da ya ci ta jera su gefen waɗanda fanninsa ya wajabta. Kowane sharaɗi da alamarsa: wanda aka kammala, wanda ake cikin yi, da wanda ba a taɓa ba tukuna. Akwai ma wurin gwaji: in mai karatun tattalin arziki na tunanin komawa fannin noma, sai ta nuna masa darussan da za su bi shi can da waɗanda za su tashi a banza, tun bai kai takarda ofis ba.

Ga irin tarkon da take tonawa. Kiredi 12 a zango ɗaya sun isa a ɗauki mutum ɗalibin cikakken lokaci. To amma 12 sau zango 8, 96 ke nan, ba 120 ba. Wanda ke son gamawa cikin shekara huɗu sai ya riƙa ɗaukar 15. Wanda bai lura ba, ga ƙarin shekara da kuɗin makarantarta.

Sai dai manhaja abin da aka shigar mata kaɗai ta sani. Makin da bai iso ba, ko darasin da aka yi a wata jami'a ba a riga an amince da shi ba, duk za ta nuna su a matsayin bashi. Don haka jami'o'in da kansu ke cewa a haɗa ta da malamin da ke ba ɗalibi shawara, kuma ofishin rajista ne ke da maganar ƙarshe kan ko an gama.

A nan gida ma ƙirgar kiredi ce ake yi, a tsarin LMD da ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, wanda ake bi a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na Maraɗi, Damagaram da Tawa. Lissafinsa ya fi sauƙi: kiredi 30 kowane zango, 60 a shekara. Lisans zango 6 ne, kiredi 180, masta kuma ƙarin 120. Darussa na zuwa ne rukuni-rukuni, kuma 10 bisa 20 ake nema kafin a ce an ci rukuni. Abin da aka ci ya zama na ɗalibi, ba ya sake shi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wucewa da bashi. Ɗalibi ya shiga shekara ta biyu da rukuni ɗaya a bayansa, ya ce sai an jima, har ya kai ta uku. Ranar neman takardar shaida kuwa, 176 ba 180 ba ne. Ƙa'idar wucewa da bashi da ta cike maki tsakanin darussa ta danganta ga fakulte, saboda haka a tambayi ofishin sikolarite, kada a tsaya ga abin da aka ji a ɗakin kwanan ɗalibai ko a WhatsApp.

Wanda ba shi da manhaja, takarda da biro sun wadatar. A ja layi shida, zango ɗaya kowane layi, a rubuta rukunan darussa da kiredinsu. Duk lokacin da takardar maki ta fito, a gwada ta da wannan jadawalin, a ɗauki hotonta a waya. In an ga maki ya ɓace ko an rubuta shi ba daidai ba, a kai kuka da wuri, tun wa'adin gyara bai wuce ba.