Tacewa ko Tsincewa?

Ɗan ƙanwata tela ne a Unguwar Shanu da ke Kaduna, kuma ya buɗe wa shagonsa shafi a intanet. Ranar nan na same shi ya ƙura wa kwamfuta ido, yana duba rahoton Search Console na Google, wanda ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har suka faɗo shafinsa. Ya ce, "Kawu, zan sa filta in ga masu nemanmu da sunan unguwa." Ya rubuta "Unguwar Shanu". 'Yan layuka kaɗan ne suka fito, sai fuskarsa ta canza.

Na ce ya cire filtar mu karanta da ido. Ga masu nemansa nan birjik, amma wani ya rubuta Ungwan Shanu, wani Unguwan Shanu, wani Anguwan Shanu. Haka sunan yake a allunan shaguna da jikin motoci tun daga Abakwa har Unguwar Sarki. Ba duka ne kuskure ba: a daidaitacciyar Hausa unguwa mace ce, don haka "unguwar", amma Zazzaganci bai cika raba namiji da mace a irin wannan gaɓa ba, kuma Kaduna ƙasar Zazzau ce. Na'ura ba ta san wannan ba. Harafi take bi.

Da ya taƙaita zuwa "shanu" kawai, sai ga wanda ke neman man shanu ya shigo layi.

A nan ne kalmar filta ta tsaya mini a rai. Kanikawa suna da filtarsu ta mai, masu fassara kuma sun saba cewa "tacewa", har matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 daga wannan tushe ta samu suna. Sai dai abin da ake yi wa rahoto aiki biyu ne, kuma ɗakin girkinmu ya daɗe da raba su. Mai koko idan ta niƙo gero, takan zuba ƙullun a ƙyalle ta matsa: abin da take so shi ke wucewa, dusa ta tsaya a sama. Wannan ce tacewa. Mai dafa wake kuwa baza shi take a faifai, ta bi da yatsa tana ɗauke tsakuwa da ruɓaɓɓe, sauran duka nata ne. Wannan tsincewa ce. Idan ka ce wa na'ura "nuna mini abin da ya ƙunshi shanu", tacewa ka yi. Idan ka ce "ban da man shanu", ka tsince. Ina ganin asara ce mu cusa su a kalma ɗaya, don mai koyo da ya ji "tsince" ya riga ya san abin da zai rage a faifai.

Alamomin da ake ba da umarnin da su fa? Na ji ana ce musu "alamomin bincike". Ni "sharaɗi" ya fi kwanta mini, domin aikinsu ke nan: da, ko, ban da. Tushensu lissafin George Boole ne na 1854. Dogon salon da masana ke kira regex kuma daga Stephen Kleene ya faro a 1951, Google ya shigar da shi Search Console a 2021. A cikinsa tsayayyen layi | mai kama da sanda yana nufin "ko", ɗigo kuma yana tsaya wa kowane harafi guda. Ɗigon nan yana da rana a wajenmu, tunda wani ɗinki zai rubuta, wani dinki, gwargwadon abin da wayarsa ta ba shi.

Muka zauna muka jera: unguwar shanu|unguwan shanu|ungwan shanu|anguwan shanu. Rahoton ya cika, mai man shanu ya ɓace. Yaron ya ɗan yi shiru yana gangara layukan, sannan ya ce, "Kawu, saura masu rubuta U/Shanu." Muka ƙara sanda ɗaya.