Kyanwar Mau: Sunan Masar, Tarihin Rum

Wannan makon tarihin wata kyanwa za mu bi, wadda ake kira Mau ta Masar, mai dabbare-dabbare kamar 'yar damisa.

Sunan dai tsoho ne. Da kalma mai kama da "mau" mutanen tsohuwar Masar ke kiran kyanwa, daga kukanta suka ɗauko. A zanen kabarin Nebamun, wanda aka yi wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ga kyanwa nan tana cafke tsuntsaye a fadama. Masu kiwon Mau kan ce kakarta ke nan.

Ni kam ina ja da wannan magana. Rubutaccen tarihin jinsin a birnin Rum ya fara, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun wata gimbiyar Rasha 'yar gudun hijira, Nathalie Troubetskoy. A 1956 ta ƙaura Amurka da kyanwoyi uku, har da mace mai ruwan azurfa mai suna Baba, ta buɗe gidan kiwo ta raɗa masa suna Fatima. Sai a 1977 ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta CFA ta ba jinsin cikakkiyar damar shiga gasa. Tsakanin zanen nan da gimbiyar akwai fiye da shekara 3,000, ba takardar zuriya ko ɗaya. Saboda ƙarancin iri ma, daga baya sai da aka ƙaro wasu daga Indiya da Masar don kada auren gida ya raunana su.

Abin da ba gardama a kai shi ne halittarta. Idanunta kore shar, a goshinta akwai zane kamar harafin M, ƙafafunta na baya sun fi na gaba tsawo. Tana gudun kusan kilomita 48 a awa, ba ta da na biyu cikin kyanwoyin gida.

Halinta kuwa na mai kunya ne. Takan zaɓi mutum ɗaya ko biyu a gida ta liƙe musu, tana yi musu ƙaramin kuka mai taushi tana karkaɗa wutsiya. Ba ta son sanyi, ba ta son hayaniya. Baƙo na yin sallama za ta haye saman kabad, daga can ta zuba masa ido har ya tafi.