Daga Kan Katanga Zuwa Cikin Kwando

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, maginin dā bai cika bukatar abin da zai ɗaga shi sama ba. Katangar da yake ginawa ita ce mazauninsa. Yakan hau ta kamar doki, yaransa na jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, shi kuma yana cafewa yana jerawa. Ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska, kuma ba a gini sai da rani. Saboda haka tsawon bango da ƙwarewar mai hawansa tare suke girma. Yaro kan shekara da shekaru yana kwaɓa ƙasa kafin a bar shi ya taka tsani. A irin wannan tarbiyya aka sami Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Zuwan siminti da bulo da rodi ya sauya lamarin. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, gine-ginen gwamnati da benaye da turakun lantarki sun ƙaru a garuruwan jihar, aiki a sama ya koma kan katakan da ake ɗaurewa a taka. Daga baya kuma aka fara ganin mota mai dogon hannu da kwando, irin wadda ake gyaran fitilun titi da ita.

Asalin wannan inji daga gonakin 'ya'yan itatuwa na Amurka da Kanada yake, inda aka ƙera shi don tsinko abin da hannu bai kai ba. A 1969 John Grove ya kafa kamfanin JLG a Amurka, wanda ya yi fice wajen kai injin wuraren gini. Manufarsa rage faɗowa daga tsani, kuma ya rage. Sai dai ya zo da nasa haɗurran. Idan ƙafarsa ɗaya ta nutse a ƙasar da damina ta jiƙa, yakan kife da mutum a sama. Idan tayarsa ta faɗa rami, hannun yakan yi cilli da wanda bai ɗaura ɗamarar tsaro ba. Kwandon na iya matse mutum da rufi, ko ya kusanci wayar lantarki. Galibin masu ƙera shi sun hana amfani da shi idan gudun iska ya wuce mita 12.5 a daƙiƙa, abin da guguwar farkon damina kan zarce. Ganin haka aka kafa ƙungiyar IPAF a Ingila a 1983, wadda ta shahara da horar da matuƙa.

Najeriya na da Dokar Masana'antu ta 1987 da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, amma diyya bayan rauni take zuwa. Tsohon tsari ya ɗaure hawa da sani, inji kuwa yakan kai ɗan koyo saman bene cikin minti guda. Injiniya ko ɗan kwangilar da ya ɗauko hayarsa a Birnin Kudu ko Gwaram ya gaji nauyin da ke kan Sarkin Magina a dā: shi zai duba ƙasa da waya da iska, ya kuma tabbatar wanda zai shiga kwandon ya sami horo kafin a tayar da inji.